Ranar da Baba Illo Ya Ce A'a

A Tamanrasat ta Aljeriya na gane cewa takardar da na kwashe shekaru ina nema a jami'a a Yamai ba ta kai nauyin bulo ɗaya ba. Falsafa na karanta. Wanda ya kira ni can ɗan unguwarmu ne a Damagaram, ya rantse mini a waya cewa wata lakwal, wato makaranta, tana neman malamin Faransanci. Da na isa sai lakwal ta zama wurin gini, darasi kuma ya zama ɗaukar bulo a kafaɗa zuwa saman bene. Na tare shi da maganar, ya yi dariya har da dafa ni.

"Mutari, da na faɗa maka gaskiya ai da ba ka zo ba. Ga shi yanzu kana cin abinci."

Ban daɗe ina cin abincin ba. Wata safiya masu kaki suka zagaye ginin, aka loda mu a manyan motoci kamar buhunan albasa, aka nausa kudu da mu. Inda aka sauke mu babu itace, babu inuwa, babu ko kashin raƙumi da zai nuna maka wani mai rai ya taɓa bi ta wurin. Aka nuna mana wani sashe da hannu, aka ce Assamaka, garin bakin iyakar Nijar, tana can, mu taka.

A cikinmu akwai wani ɗan ƙasar Gine, dogo, mai tabo a goshi, wanda har yau ban san sunansa ba. Da rana ta take sai ya zauna a rairayi, ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya ce da Faransanci mu wuce, shi ya gama. Ba sambatu yake ba. Idonsa biyu, maganarsa daidai. Muka ƙi. Ni da wani ɗan Mali muka ɗaga shi, yana zaginmu, muna jan sa, har muka hango tankin ruwan Assamaka. Da ya sha ya farfaɗo, ya riƙe hannuna yana kuka, yana sa mini albarka da harshen da ba na ji.

Daga Assamaka wata kamyo, babbar motar kaya, ta kawo mu Arlit. Kunya ta hana ni wucewa gida, don mahaifiyata ta riga ta shaida wa unguwa cewa ɗanta malami ne a Aljeriya. Na zauna a tasha ina dako, har ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a bayan teburin wani mai shayi.

Mai shayin shi ne Baba Illo. Tsoho ne siriri, Ba'adare daga wani ƙauye a bayan Tawa, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin haƙar yuraniyom na Akokan, kusa da Arlit, har aka rufe ramin. Bai tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Ya tsayar da babur ɗan kabu-kabu, aka sa ni a tsakiya, shi yana bayana yana riƙe da ni kada in zame, har gidansa a Akokan. Matarsa, Inna Zali, ta leƙo daga madafa.

"Wa kuma ka kwaso muna?"

"Baƙo na. Allah ya aiko shi."

"To, in Allah ya aiko shi, kai shi ɗakin Sani. Tabarma na nan."

Sani ɗansu ne, ya tafi haƙar zinari tuni. A ɗakinsa na yi jinya. Inna Zali ta riƙa dama mini kunun gero da tsamiya, irin wanda mahaifiyata ke yi, har sai da wata rana na juya fuskata bango ina sha don kada ta ga idona.

Da na miƙe na fara ganin garin. Akokan a lokacin kamar gidan biki ne bayan an watse. Layin gidajen ma'aikata a jere, da yawa an cire musu ƙofa da taga, awaki na kwana a falo. Mutanen da suka rage tsofaffi ne da zawarawa da waɗanda ba su da inda za su koma. Abin da ya fi tsaya mini a kunne shi ne tari. In ka bi layi da hantsi, za ka ji shi yana fitowa daga wannan gida, wancan ya amsa. Na Baba Illo mai zurfi ne, kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. In na yi masa sannu sai ya ce, "Ni da shi mun saba."

A teburin shayinsa na ji ana cewa wasu masu bincike sun zo daga Yamai, suna neman tafinta. Shugabarsu Likita Fati ce, Bazabarma, Hausarta ta cefane ce kawai, don haka da Faransanci muke magana. Ta tambaye ni me na karanta. Na faɗa mata a hankali, don na saba da dariyar da ke biyo baya. Ba ta yi dariya ba, ta ce kamar ni take nema.

Ta bayyana mini aikin. Za a ɗauki hoton ƙirjin tsofaffin ma'aikatan rami, a ɗebi jini da majina, don a gane wane irin ciwo ne ke cin huhunsu, kuma ko yana da nasaba da ƙurar ramin. Wanda aka ga yana da abin da ake warkarwa, za a tura shi inda zai samu magani. Amma asalin aikin neman sani ne.

"Dokar ɗaya ce," in ji ta. "Kowa ya shiga da yardarsa, ya fita ranar da ya ga dama. Ni ba zan ji abin da kake faɗa musu ba. Duk aikin nan a bakinka yake."

Tun makon farko na ga inda gizo ke saƙa. Kafin in gama bayani, mutum ya riga ya ce ya yarda. Tun da aka rufe ramin ganin likita ya yi musu wuya, to ga likita ta zo har gida, ga na'urar hoto kyauta, wa zai tsaya sauraron tafinta? In na ce bincike, su duba marar lafiya suke ji. A jami'a mun sha musu a kan ko "i" ɗin wanda ba ya iya cewa "a'a" sunanta yarda. Na taɓa cika shafuka a kan haka, aka yaba mini. Yanzu ga su a gabana a kan benci, da hulunansu a hannu.

Na gaya wa Likita Fati. Ta ce in faɗa musu yadda za su gane, ko da za su tashi su tafi. Sai na sauya magana. Na riƙa cewa, "Baba, wannan aikin ba don a warkar da kai aka kawo shi ba. Don a gane ciwon ne, wataƙila na bayanka su amfana. In ka ƙi, babu wanda zai riƙe ka a zuci, babu abin da za a hana ka." Wasu suka sa hula suka fita. Da yawa suka zauna, amma yanzu sai sun yi tambaya kafin su miƙa hannu.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne Shef Garba, shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, mutumin Maraɗi. Ba mugu ba ne. Ya binne abokansa da yawa, kuma yana ganin binciken nan ne kaɗai zai ba matansu bakin magana.

"Kai yaro, an kawo ka ka tara mutane ko ka kore su?"

Baba Illo ya shiga binciken da kansa. Ya ce don abokansa da suka riga shi. Hotonsa ya nuna wani duhu a huhun dama. Gwajin majina na farko bai nuna komai ba. Akwai na biyu da ake aikawa Yamai, a ajiye majinar a ga ko wani abu zai tsiro, shi kuma yana ɗaukar makonni. Likita Fati ta ce duhun yana iya zama ciwon daji, yana iya zama tabon ƙura, yana iya zama tarin fuka da ya ɓuya. Tana so a kai shi Yamai a zura masa bututu a ciro ɗan tsoka daga huhun. Ga binciken, wannan babban abu ne. Ga shi kansa, wataƙila ne kawai. Ƙirjinsa ya yi rauni, hanya doguwa ce kuma ta lalace, kuma aikin yana iya jawo zubar jini.

Kafin ranar da za a gaya masa, Shef Garba da Inna Zali suka same ni da la'asar a gindin katangar gida. Ban taɓa ganin su tare ba.

Shef Garba ya ce, "Ka san halin Illo. In ya ji wataƙila, ba zai je ba. Kuma irin hotonsa muke nema tun tuni. Zawarawa nawa ke jiran a ce ga abin da ya kashe mazansu?"

Inna Zali ba ta dube ni ba. Bakin zanenta take murzawa.

"Mutari, ban taɓa roƙonka komi ba. Ka ce mai magani za a ba shi can. Kalma guda ta. Likita ba ta ji, shi kuma kai ya ka yarda da kai."

Na ce zan yi tunani. Na fita bayan gari, inda ake hango tsibin ƙasar da aka tono daga ramuka, dogo kamar dutse, babu ko ciyawa a kansa. Ɗan Ginen nan ya faɗo mini a rai. Shi ma da hankalinsa ya ce a bar shi, muka ƙi, ga shi ya rayu yana sa albarka. Na ce wa kaina ai ƙishirwa ce ta yi magana da bakinsa. To Baba Illo fa, in ya ƙi, wa ya san ko gajiya ce za ta yi magana da nasa? Littattafan da na karanta sun ba ni hujja ta nan, sun ba ni ta can. Abu ɗaya na kasa tsallakewa. Ɗan Gine ya san jan sa muke, yana gani, yana zagi. Baba Illo kuwa zai hau mota yana gode mini.

Da ranar ta zo, Likita Fati ta zauna a gaban Baba Illo, ni a gefe, Inna Zali a bakin ƙofa inda idonta ke kaina. Likita ta yi bayani, na juya. Baba Illo ya saurara har ƙarshe, ya yi tari, ya goge baki.

"Tambaye ta, in na tahi, warkewa za ni yi?"

Na tambaye ta. Ta ce ba ta sani ba. In tarin fuka ne, ana warkewa. In ɗayan ne, sai dai a rage masa zafi. Kuma a ganinta, ɗayan ya fi kama.

Na ji Inna Zali ta gyara zama. Na faɗa masa duka, yadda aka faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

"In na mutu can, wa za ya kai ni gida?"

Likita ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba za ta yi alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba.

"In na ce a'a, yaron ga za ya rasa aikinai?"

Ta ce ko kaɗan.

Ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinsa da ke rataye a jikin taga, haske na ratsa haƙarƙarin.

"Shekarun da ni yi cikin rami, kullum wani ka cewa sauka, in sauka, hau, in hau. Yau an tambaye ni. To, a'a. Gida ni ka so. Rabona da in ga hatsi tsaye cikin gona tun Sani na goye. Abin da kunka ɗiba ku riƙe, ku yi aikinku, Allah shi ba da sa'a. Amma kada a biyo ni da labari."

Likita Fati ta roƙe shi, na juya roƙon. Da muka koma gida na roƙe shi da bakina, na ce ba tafinta ke magana ba yanzu, ɗansa ne. Na ce masa akwai wataƙilar da ake warkewa, ya jira ko sakamakon majina ya dawo. Ya ce damina ba ta jiran sakamako. Ya dafa kaina ya ce in bar zancen.

Daga ranar Inna Zali ba ta ƙara yi mini magana ba. Tuwo dai ba ta fasa ajiye mini a ƙofar ɗaki ba, a rufe, da ruwan sha a gefe. Wannan ya fi zagi ciwo.

Suka bar wa maƙwabci teburin shayi, suka ɗaure kayansu. Wani direba Buzu mai suna Agali zai sauka Tawa da kamyo babu kaya. Ya dubi Baba Illo sau ɗaya, ya sauke yaran motarsa daga gaba.

"Tsoho ya zauna gaba. Matanshi ma ya zauna gaba. Baya akwai girgiza."

Na tsaya har motar ta ɓace. Ni kaɗai na rage a gidan. Shef Garba ya daina amsa gaisuwata. Aiki ya ci gaba, ina faɗa wa tsofaffi abin da na saba faɗa. Amma in na dawo da azahar na kwanta a ɗakin Sani, sai in ji tarin nan daga ɗakin da na san babu kowa. Nakan tashi in leƙa. Gado ne babu katifa, da ƙusar da yake rataye hularsa.

Damina ta yi nisa a kudu lokacin da Likita Fati ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce majinar Baba Illo ta tsiro. Tarin fuka ne. Ko akwai wani abu bayan shi, ba ta sani ba, amma wannan dai ana warkar da shi. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta daɗe ba ta mayar ba.

Na ce, "Ya ce kada a bi shi da labari."

Ta ce, "Na ji. A kan jikinsa ya faɗa, kuma lokacin yana zaton hukunci za a kai masa. Ka je ka tambaye shi ko yana son ji yanzu. Amma ciwon nan ana ɗauka. Matarsa da yaran gidan da ya koma ba su ce a'a ba, ba a ma tambaye su ba."

Wayarsu ba ta shiga. Na hau motar farko da na samu. Hanyar Agadas ta farfashe, direbobi sun bar kwalta suna bin gefe. Muka wuce mararrabar Anu Araren, hayaƙin gawayi na tashi daga nesa, taya ta fashe, muka zauna a rana ana faci, ni kuwa kamar in sauka in ruga. Bayan Agadas ƙasa ta fara sauya launi. A Abalak na ga tabki cike da ruwa, shanu a ciki har gwiwa, ciyawa shar. Na yi shekaru ban ga haka ba, amma ban ji daɗinsa ba. A Tawa na ɗauki kabu-kabu, muka ratsa gonaki, gero ya kai kafaɗa.

Tun daga bakin ƙauyen na hango tabarmi a ƙofar wani gida, maza zaune a jere. Ban tambayi mai babur ko gidan wa ne ba.

Ƙanen Baba Illo ya karɓe ni. Ya ce ba a ma yi sadakar bakwai ba. Ya ce Illo ya ga ruwa, ya ga shuka. Da ƙafa ta gaza, sai ya sa a riƙa ɗaukarsa a amalanke a kai shi bakin gona da safe, ya zauna ƙarƙashin gawo yana yi wa masu noma gyara. Ya ce bai taɓa ganin yayansa da sakin fuska irin na kwanakin nan ba. Ina ji ina gyaɗa kai, ban gaya masa maganar da na ɗauko ba.

Aka kai ni wurin Inna Zali. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, jikokinta biyu na wasa a bayanta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Wannan ce maganarta ta farko gare ni tun Akokan. Na ce ina da labari daga likita, in tana son ji. Ta ce in faɗa. Na faɗa.

"Wanga ciwo, ana warkewa?"

"Ana warkewa, Inna."

Ta dubi ƙasa. Wata kaza ta shigo, ta zaga, ta fita.

"Da ya tahi Yamai, da an gani da wuri?"

"Wataƙila da an gani. Wataƙila kuma da ƙirjinsa bai ɗauki hanyar ba. Ban sani ba."

"Kai dai ko ƙaryar jinƙai ba ka iya ba."

Na gaya mata ya kamata a duba ta, ita da yaran da duk wanda ya yi jinyarsa. Ta ce takaba ba ta hana neman magani. Washegari muka tafi asibiti a Tawa, ita da jikokin da ƙanen marigayi. Yaran lafiya lau. Ita aka samu da shi, bai yi nisa ba, aka ɗora ta a kan magani.

Ni kuma na yanke shawarar wucewa Damagaram daga nan, in je in gaya wa mahaifiyata irin malantar da na yi a Aljeriya. Inna Zali ta ce sai ta raka ni tasha. Ta sayi ƙosai ta ƙulle mini a leda. Da direba ya fara kiran fasinja, ta riƙe bakin rigata.

"Ranar da za ya cika, ya ambace ka. Ya ce kai kaɗai ka yi mai magana kamar mai hankali. Ya tahi yana sa maka albarka." Ta saki rigar. "Ni ban kai nan ba tukuna."

Tana raye, ta warke sarai. Duk salla nakan kira wayar ƙanen marigayi a kai mata, mu gaisa, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi ko na yi aure. Waccan maganar ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba.